Yadda Ake Aiki da Foklif a Sito Lami Lafiya, Mataki-Mataki

Tun da masana'antun casar shinkafa suka kafu a Kebbi, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga kuma sito-sito na taki da siminti da hatsi daga Jega har Gusau, motar ɗaga kaya da ake kira foklif ta daina zama baƙuwa. Tambayar da matasa da masu sito suka fi yi mana ita ce: wanda ya iya mota, kwana nawa zai yi ya iya foklif? Motsa ta kam wuni ɗaya ya isa. Amma yin aiki da ita shekara da shekaru ba a fasa buhu ba, ba a take ƙafar ɗan dako ba, ba ta kuma kife da direbanta ba, wannan sai an bi ƙa'ida. Bayanin da ke tafe ya shafi wadda aka fi gani a yankinmu, wato mai kujera, mai ɗaukar tan 2.5 zuwa 3, ko ta dizal ce, ko ta iskar gas, ko ta batir.

1. Wanda zai hau, da abin da zai sa

Kada a ba da makulli ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda ƙwararren direba bai tsaya a kansa ya koya masa ba. Lasisin mota ba shaida ba ce, domin foklif ta saɓa wa mota. Da tayoyin baya take juyawa, saboda haka gindinta ke fita waje a kwana. Ta kuma fi yadda ido ke ganinta nauyi: mai ɗaukar tan 2.5 ita kanta ta kusa tan 4, ninki biyu ko uku na ƙaramar mota. Sabon direba ya fara a fili, a jera masa tsofaffin tayoyi, ya yi ta zagaya su gaba da ribas da falet marar kaya, wato katakon da ake jera buhuna a kai, har hannunsa ya faɗa.

Kayan jiki: takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, riga mai ɗaukar ido. Silifa da babbar riga da rawani mai jela su jira a tashi aiki, domin sarƙa da liba ba sa raina tsumma. Wanda ya sha maganin mura mai sa barci, ko wata ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi, ranar ba ta tuƙi ba ce a gare shi. A watan azumi, musamman in ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, a tura lodi mai nauyi zuwa safiya.

2. Karanta faranti, ka lissafa kaya

Kusa da kujera akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta nauyin da motar ke iya ɗauka. Mutane kan karanta lamba ɗaya, 2500, su tsaya nan. Lambobi uku ne, kuma tare suke aiki: nauyi, da nisan tsakiyar kaya daga gindin yatsu, wato ƙarafa biyun nan na gabanta da take ɗaukar kaya da su, da tsawon ɗagawa. A yawancin waɗanda ake kawo mana za ka ga kilo 2500 a kan milimita 500, ma'ana za ta ɗauki kilo 2500 ne kawai idan tsakiyar nauyin bai wuce rabin mita daga jikinta ba.

Dalili shi ne foklif sikeli ce. Tayoyin gaba ne tsakiyar sikelin, kaya na gefe guda, curin ƙarfen da ke bayanta na ɗaya gefen. Duk nisan da kaya suka ƙara, rinjayensu ya ƙaru. Wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa a jikinsa, sannan ya miƙa hannu da shi, ya san haka.

Ga lissafi da falet mai mita 1.2 da mita 1. In ka shige shi ta yadda zurfinsa mita 1 ne, tsakiyarsa na kan milimita 500, kana da kilo 2500 ɗinka. In ka shige shi ta tsawon, tsakiyar ta koma 600. Sai ka ninka 2500 da 500, ka raba da 600: kilo 2083. Buhu 40 na shinkafa mai kilo 50 kilo 2000 ne, katakon falet ɗin kuma ya kai kilo 20 zuwa 25. Ka ga ke nan ka zo bakin iyaka, buhu biyun da oga zai ce a ɗora "don a rage sawu" sun fitar da kai. Wannan lissafin yana ɗan rage maka, kuma gara hakan.

Buhun shanshera ba shi da tsayayyen nauyi, ya danganta da girman buhu da cika da danshi. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan sikeli ake bi: a auna buhu uku ko huɗu, a yi lissafi da wanda ya fi nauyi. In kuma an ɗaura wa motar wani abu, kamar ƙarin tsawon yatsu ko na'urar matse kaya, nauyin da za ta ɗauka ya ragu, sai a nemi sabon adadi wurin dillalinta.

Hattara: in ka ɗaga ka ji sitiyari ya yi sakwa-sakwa, tayoyin baya sun fara barin ƙasa ke nan. Sauke nan take, a rage kaya. Kada a sa mutane su hau bayanta, kada a ɗora mata buhunan yashi don ta danne. Sarƙa da yatsu da birki ba su ƙara ƙarfi ba, kuma waɗanda suka hau su ne farkon faɗowa.

3. Zagaye kafin a tayar

Minti goma ne, kowace safiya da duk lokacin da aka canji direba. Inji a kashe, yatsu a ƙasa.

Fara da ƙasan inda ta kwana: ɗigon mai ko ruwa yana nuna inda ciwo yake. Sai taya. In ta iska ce, tana shan wajen 100 a gejin mai faci, inda ta ƙaramar mota ke shan 30 zuwa 35, kuma taya ɗaya ta gaba da ta rage iska ta isa ta karkatar da kayan da ke sama. In ta roba zalla ce, duba tsagewa da inda ta ɓantare. Taɓa notocin taya.

Yatsu: duba gwiwar, inda ƙarfen ya lanƙwasa, can tsagewa ke farawa. Gwada kaurin ɓangaren da ke jan ƙasa da na ɓangaren da ke tsaye, wanda ba ya cinyewa. In ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin yatsan ya ragu da kashi 20, a canza duka biyun. Duba ƙusoshin da ke kulle su a mazauninsu.

Hattara: ba a kai yatsan foklif wurin mai walda. Ba a liƙe shi, ba a gasa shi a miƙe, ba a huda bakinsa don ɗaura igiya. Wuta na kashe ƙarfin ƙarfen, kuma ba ya ba da sanarwa ranar da zai karye.

Sarƙoƙi biyun da ke jan yatsu su zama da tauri ɗaya in ka danna su da sanda, ba tsatsa, ba ƙullin da ya ƙage. In makanike ya auna ya ga inda ya kamata ya zama santimita 100 ya koma 103, sarƙar ta gama aiki. Motar da ke aikin taki, musamman yuriya, ta fi saurin cin sarƙa, don haka a riƙa wanke ta ana sa mata mai.

Buɗe inji ka duba baƙin mai, man haidirolik, man birki, ruwan lagireto da bel ɗin fanka. A injin casa, ɓuntu da dusa na toshe fuskar lagireto cikin 'yan kwanaki, a lokacin hazo kuma filtar iska ke fara cika. A hure su da iska, filtar daga ciki zuwa waje.

Hattara: kada ka bi tiyon haidirolik da hannu kana neman inda yake yoyo. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana ratsa fata kamar allura. Ka kara kwali a wurin. In ya shiga jikin mutum, ko raunin bai fi cizon sauro ba, a kai shi babban asibiti a lokacin, irin Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, a gaya wa likita man inji ne ya shiga. Aikin tiyata ne, jinkiri na jawo yanke yatsa ko hannu.

Duk abin da ka gani ka rubuta a littafi. In birki ne, ko sitiyari, ko sarƙa, ko yatsu, ko yoyon mai, zare makulli, rataya kwali mai cewa ta lalace. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Hawa da gwaji

Hau ta hagu, kana fuskantar motar, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe. Kama mariƙin da aka yi don haka, ba sitiyari ko liba ba. Gyara kujera, ɗaura bel. Giya a firi, birkin hannu a ja, sannan ka tayar. Gwada hon, fitilu, ƙarar ribas, birkin ƙafa gaba da baya. A inda rufi ke da tsawo, ɗaga yatsu har ƙarshe ka sauke, karkata tsanin, wato dogon ƙarfen da yatsu ke hawa da sauka a jikinsa, gaba da baya, ka saurari ƙara ko fizga.

Yawancin masu dizal da gas suna da feda uku. Na dama totur, na tsakiya birki, na hagu kuma na matsawa kaɗan-kaɗan: rabin taku yana raba inji da taya, cikakken taku birki ne. Da shi ake shiga falet a hankali. Kada ka bar ƙafa a kansa kana tafiya, yana ƙona giya.

5. Bi hanyar da ƙafa

Kafin sawun farko, taka hanyar da za ka bi. Kwashe igiyoyi, leda, guntayen falet masu ƙusa. Shinkafar da ta zube a kan siminti santsi gare ta, yuriyar da ta sha danshi ta fi ta. Dubi sama: tsawon ƙofa, ƙarafan rufi, wayar wuta a tsakar gida. Dubi ƙasa: murfin kwata da na sokawe ba a yi su don tan 6 ba, kuma mota da kayanta sun kai haka. Da damina, ƙasar da ke da tauri jiya tana iya nutsewa da taya ɗaya yau.

Sai mutane, kuma a nan sito-sitonmu suka fi rauni. 'Yan dako, yaran mota, masu tallar abinci, mata da yara masu share hatsin da ya zube, duk a fili ɗaya da motar. Wanda ya sunkuya yana tsintar shinkafa a bayan foklif, direba ba ya ganinsa. Mai sito ya ja layi da fenti, hanyar mota daban, ta ƙafa daban, a kuma ware lokacin shara bayan an kashe inji. Yara kada su shigo ko kaɗan.

Hattara: tarin hatsin da aka rufe da tamfol aka sa wa ƙwayar fostoksin mai kashe ƙwari, ba a taɓa shi, ba a aiki kusa da shi, sai wanda ya sa maganin ya buɗe, ya sha iska, ya ba da izini. Wari kamar na tafarnuwa alama ce ta a fita waje.

6. Ɗaukar falet

Dubi falet ɗin tukuna. Mai karyayyen katako ko ruɓaɓɓen ƙafa, a sauya shi. Buhuna su kasance a sarƙe, kowane layi ya gitta na ƙasansa kamar ginin bulo.

Buɗa yatsu iya faɗin da falet zai karɓa, nisansu ɗaya daga tsakiya. Fuskanci falet sak, ba a karkace ba. Tsaya saura taku ɗaya, miƙe tsanin tsaye, daidaita yatsu da ramin, shiga a hankali har kaya su taɓa jikin motar. Yatsu su ci aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin kayan. In kuma sun fi falet tsawo, kula da wanda ke bayansa, bakinsu na huda buhu ko ya ɗaga tarin da ba a nufa ba. Ɗaga kamar santimita 10 zuwa 15, kwantar da tsanin baya, waiwaya hagu da dama, sannan ka ja da baya.

Babban buhu mai tan ɗaya ana rataya shi ta hannuwansa huɗu duka, a kan yatsun da ba su da kaifi. Yana lilo, don haka tafiyarsa ta fi ta falet sanyi, ba birkin gaggawa.

7. Tafiya

Da kaya ko babu, yatsu a ƙasa, santimita 10 zuwa 15, ɗan sama kaɗan in hanya ba ta da kyau. Ba a tafiya ana ɗagawa, ba a juyawa kaya na sama. Mafi yawan kifewa daga nan take. Gindin da foklif ke tsaye a kai ƙusurwa uku ne, kamar duwatsun murhu: tayoyin gaba biyu, da tsakiyar ƙarfen tayoyin baya. Muddin nauyi na cikin wannan murhun tana tsaye. Ɗaga kaya sama da shan kwana da gudu su ke fitar da shi. Abin da ba a cika sani ba: wadda ba ta da kaya ta fi mai kaya saurin kifewa ta gefe, kuma a dawowa wayam direba ya fi taka totur.

A cikin sito, gudu kada ya wuce na mai tafiya da sauri. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Danna hon a kowace ƙofa da mahaɗa da ƙarshen layin kaya. Wanda ya fito daga hasken rana zuwa cikin sito idonsa na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya washe, ya tsaya a bakin ƙofa. Tsakaninka da foklif ta gabanka a bar tsawon mota uku. Ƙofa mai tudu ko kwata, a haye a hankali. Sai motar ta tsaya cak ake sauya giya daga gaba zuwa ribas.

In kaya sun tare maka gani, tafi da ribas, ka juya jiki kana kallon inda ka nufa. Madubi taimako ne kawai. Inda ba dama, a sa mutum ɗaya ya yi jagora da hannu, mutum ɗaya tak, ba mutum biyar kowa na ihun "taho, taho" ba. Ka daina ganinsa, tsaya.

Hattara: kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ne. Ba a rage wa kowa hanya, ba a ɗaga mutum a kan yatsu ko falet don ya canza ƙwan fitila ko ya gyara tari. Hannunka da ƙafarka su zauna cikin motar, kada ka zura hannu ta tsakanin tsanin. Kada ka tunkari mutumin da bango ko tirela ke bayansa. Waya ta jira.

8. Hawa da gangara

Doka ɗaya: ɓangaren da ya fi nauyi ya dubi tudu. In da kaya, kaya su dubi sama: ka hau da gaba, ka sauko da ribas. In ba kaya, yatsu su dubi ƙasa: ka hau da ribas, ka sauko da gaba. Ba a juyawa a kan gangara, ba a ratsa ta a gicce, ba a sa giya a firi a sake ta. Ɗan ƙara ɗaga yatsu don kada su soki ƙasa a gindin hawan.

9. Jera kaya a sama

Jerin matakan nan ba a sauya shi. Zo daf da tarin, kayanka na ƙasa, ka tsaya sak saura santimita 20 zuwa 30. Taka birki, rage kwanciyar tsanin ya kusa miƙewa. Ɗaga har falet ya wuce saman tarin da santimita 10 zuwa 15. Matsa a hankali har ya daidaita a kan mazauninsa. Tsaya, miƙe tsanin, sauke har ka ga nauyi ya bar yatsu. Waiwaya, ja da baya a miƙe har yatsu su fita sarai, tsaya, sauke su ƙasa, sannan ka juya. Saukowa da kaya daga sama haka ne a juye.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne: karkata tsanin gaba kafin kaya su hau kan tari, da juyawa yatsu na sama don a rage daƙiƙa biyar. Sauri ya haifi nawa. In ka ga sarƙa ta saki yayin saukewa, yatsu sun maƙale a wani abu, ɗaga kaɗan kafin ka ja baya.

Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Tarin da ya fara jingina a sauke shi yau. In kantocin ƙarfe ne, kowane hawa na da nauyin da aka rubuta masa, kuma ƙafar kanta da aka buga ta lanƙwashe a faɗa, a sauke kayan kanta. Mai sito da ke cin tarar duk wanda ya kawo irin wannan rahoton yana koya wa direbobinsa ɓoyewa ne.

Hattara: ba mai tsayawa ko wucewa ƙarƙashin yatsun da ke sama, ko da ba kaya. In tsanin ya taɓa wayar wuta, zauna a kujerarka, hana kowa taɓa motar, a kira ma'aikatan Kaduna Electric, masu kula da wutar Kebbi da Zamfara, su yanke layin.

10. Lodin tirela

Tirela mai buhu 600 tan 30 ce, falet 15 ke nan in ana ɗora 40. Direbanta ya kashe inji, ya ja birki, ya sauko, makullin ya zauna hannun mai kula da lodi har a gama. A sa waigi gaba da bayan taya. Dutse ko guntun bulo ba waigi ba ne, a sassaƙa na katako mai kauri a ajiye don wannan aikin. Bodin da aka cire wa kai, a tokare gabansa, domin nauyin foklif na iya dungurar da shi.

In daga ƙasa ake lodi ta gefe, a fara daga wajen kai, ana yi hagu da dama bi da bi. Haka ma saukewa, in aka kwashe gefe guda kaf bodin na karkata. 'Yan lodin da ke sama su matsa nesa har falet ya zauna, kada su tare shi da hannu.

In shiga ciki za a yi daga dakali, fara taka daɓen bodin da ƙafa ka duba ruɓaɓɓen katako da ramuka. Gadar ƙarfen da ke tsakani ta zama mai ɗaukar nauyin mota da kayanta, a kuma ɗaure ta. Ƙofar kwantena ta yau da kullum ba ta kai mita 2.3 ba, sai motar da yatsunta ke ɗagawa ba tare da tsanin ya ƙara tsawo ba. A bakin dakali, bar tazara, ka tuna gindinta na fita waje in ka juya.

11. In ta tashi kifewa

Kada ka yi tsalle. Jiki zai ce ka fita ta ɓangaren da take faɗawa, can kuma rufin ƙarfen ke sauka, a wuya ko a ƙirji. Haka yawancin direbobin da kifewa ta kashe suka mutu. Riƙe sitiyari da hannu biyu, tokare ƙafafu, sunkuya gaba, karkata jiki zuwa ɓangaren da ba can take faɗawa ba. Bel ɗin da ka ɗaura shi ke riƙe ka cikin kejin. Masu ɗaure shi ta bayan kujera don ƙararrawa ta yi shiru, su daina.

12. Mai, gas da batir

Dizal: a waje, inji a kashe, ba taba, ba waya. Man jarka a tace shi, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Iskar gas: rufe tukunyar, bar inji ya shanye na cikin tiyo ya mutu da kansa, sannan ka kwance. Sa safar hannu, ruwan gas na ƙona fata da sanyi. Tukunyar foklif daban take da ta girki, tana da rami da ke zama kan ƙusa don ta kwanta daidai. Gwada yoyo da ruwan sabulu. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a rami da kwata.

Batir: yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a buɗe murfinsa, wurin ya zama mai iska, ba walda kusa. A kai shi caji in saura masa kashi 20 cikin 100, a bar shi ya cika, wajen awa 8. Ruwan batir ake ƙarawa, bayan caji, ba na rijiya ko na leda ba. Asid ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa minti 15, a tafi asibiti.

Hattara: hayaƙin foklif ta dizal ko gas a rufaffen sito ɗaya yake da na janareta a ɗaki. Gubar da ke cikinsa ba launi, ba wari. A buɗe ƙofofi duka, a kashe inji in ana jira. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya ya kama mutum biyu a lokaci guda, kowa ya fita.

13. Ajiyewa

Ko salla za ka je, ko ruwa za ka sha: wuri mai lebur, yatsu a ƙasa bakinsu na taɓa daɓe, giya a firi, birkin hannu, kashe inji, makulli a aljihu. Ba a bakin ƙofa ba, ba gaban abin kashe gobara ba. Ta gas a rufe tukunyarta.

14. Abin da mai sito zai ware wa kuɗi

Mai dizal ta tan 2.5 zuwa 3 tana shan wajen lita 2 zuwa 3 a awa, awa shida na aiki lita 12 zuwa 18 ke nan, sai a ninka da farashin ranar. Sabis da agogon awa ake binsa, ba da kalanda ba: baƙin mai da filtarsa galibi duk awa 250, sauran a bi littafin motar, a kuma matso da lokacin in ƙura ta yi yawa. Tayar roba zalla ta fi tsada, amma a sito mai ƙusoshin falet tana fanshe kuɗinta. In haya za a ɗauko, a yi magana tun farko kan wa ke da direba, wa ke da mai, wa ke da gyara, a kuma yi mata zagayen mataki na 3 kafin a sa hannu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, daga can ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Fenti, waigi, madubin kwana, abin kashe gobara da littafin duba mota su ma a ware musu kuɗi.

Hattara ga wanda zai kai taya faci: yawancin tayoyin iska na foklif suna kan rim mai ɓari biyu da aka haɗe da noti. Sai an sace iskar kaf, an cire ƙwayar bawul, kafin a taɓa kowane noti, domin da iska 100 a ciki ɓarin rim ɗin na tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. A gaya wa mai facin haka tun kafin ya ɗauki sifana. Wajen mayar da iska kuma, a sa tayar cikin keji ko a naɗe ta da sarƙa, ya tsaya a gefe da dogon tiyo.